Kafin a Ce "Sai an Yi Formatin"



Akwai wata magana da ta zama kamar farasitamol a bakin masu kwamfuta a unguwanninmu. Kwamfuta ta ƙi tashi, sai an yi formatin. Ta nuna shuɗin allo, sai an yi formatin. Wasan ƙwallo ya ƙi buɗewa, shi ma sai an yi formatin. Daga shagunan buga takardu na Court Road a Gyaɗi-Gyaɗi har zuwa wajen kasuwar Farm Centre a Tarauni, da wuya ka yini ba ka ji wani ya faɗe ta ba. Wani lokacin ma ba mai gyaran ne yake fara faɗa ba, mai kwamfutar ne yake zuwa da ita tun daga gida.

Formatin kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Ma'anarsa a share ma'ajiyar kwamfuta, wato had-dis, a sake ɗora Windows sabuwa. Duk abin da yake ciki ya tafi: furojet ɗin yayarka da ta yi wata huɗu tana bugawa, hotunan bikin gidanku, lissafin bashin shagon Baba, tambayoyin jarrabawar da malami ya shirya. Sau da yawa kuma abin da ya jawo duk wannan asara fayil ɗaya ne rak ya ɓata ko ya lalace, kuma Windows tana da kayan gyaransa a cikinta. Abin da darasin nan yake magana a kai ke nan.

Me ke faruwa idan ka danna makunni?

A darasin kwamfuta an koya mana cewa babbar manhaja ita ce take tafiyar da komai, kuma wadda muka fi gani ita ce Windows ta kamfanin Microsoft. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne, Windows ba abu ɗaya ba ce dunƙulalle. Dubban ƙananan fayiloli ne suke zaune a cikin folda mai suna Windows a ma'ajiyar C, kuma mafi muhimmancinsu suna cikin wata folda da ake kira System32.

Tashin kwamfuta ya yi kama da buɗe makaranta da safe. Mai gadi ya buɗe get, mai riƙe da makullai ya buɗe ofis, a ɗauko ƙararrawa, a buga, a yi asambili, sannan a shiga aji. Idan mai makullai bai zo ba, komai ya tsaya, alhali azuzuwa da kujeru da littattafai suna nan lafiya lau. Haka kwamfuta take. Da farko wata ƙaramar manhaja da take cikin jikin injin, wadda ake kira BIOS ko UEFI, tana duba kayan ciki, sai ta nemo ma'ajiyar da Windows take. Daga nan ta miƙa aiki ga fayil ɗin da ake kira bootmgr. Shi kuma ya karanta wata 'yar rajista mai suna BCD domin ya san inda Windows take zaune, sannan ya kira winload, shi kuma winload ya tayar da zuciyar Windows, wato ntoskrnl.exe, tare da direbobi. Direba a nan ba mai tuƙa mota ba ne, fayil ne da yake koya wa Windows yadda za ta yi magana da firinta ko sifika ko allo. Sai duk wannan ya kammala kake ganin wurin sa faswod.

Saboda haka idan kwamfuta ta tsaya a hanya, ba ya nufin takardunka sun tafi. Yawanci suna nan, ƙofa ce kawai ba a buɗe ba.

Akwai bambanci tsakanin fayil da ya ɓata da wanda ya lalace. Wanda ya ɓata kamar shafin da aka yage ne daga littafin nut ɗinka, ka je nema babu shi. Wanda ya lalace kuwa shafin yana nan, amma ruwa ya jiƙa shi, tawada ta narke, rabin rubutun ba ya karantuwa. Na biyun ya fi wahalar ganewa, domin Windows tana ganin sunan fayil ɗin a wurinsa, sai ta ɗauka lafiya ƙalau yake, sai ta fara karantawa ta ci karo da shirme.

Abin da ya fi lalata fayiloli a wajenmu kowa ya san shi: ɗauke wuta. Kwamfutar tebur ba ta da batir, idan babu UPS, da an ɗauke wuta ta mutu nan take. Idan a daidai wannan lokacin tana cikin rubuta wani fayil, sai ya tsaya a rabi, kamar kana cikin kwafar nut aka goge allo. Laftop ɗinmu ma, da yake yawancinsu na hannu ne, batirinsu ya gaji, da an zare caja sun ɗauke. Lokacin da ya fi haɗari shi ne sa'ad da Windows take sabunta kanta, ta rubuta a allo cewa kada a kashe kwamfuta. A lokacin nan tana cire tsofaffin fayiloli tana sa sababbi ne. Idan ka san wutar unguwarku ba ta da tabbas a wannan sa'ar, kuma batirinka ba ya riƙe caji, kada ka fara sabuntawa. Bari sai an tayar da inji.

Bayan wuta sai gaggawa. An buga ƙararrawar tashi, maimakon a bi ta Shut down, sai a danne makunni har ta mutu. Sai fizge filash ba tare da an yi masa Eject ba. Sai bairos da yake yawo a filash daga wannan shago zuwa wancan. Sai tsufan had-dis, wanda zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu suke ƙara gajiyar da shi. Sai kuma masu shiga System32 su goge abin da ba su sani ba wai don su samu wurin zuba fina-finai. Akwai ma wata tsohuwar tsokana da take yawo a intanet, ana ce wa mutane su goge System32 wai kwamfuta za ta ƙara sauri. Ƙarya ce. Wanda ya yi nasarar gogewa, Windows ɗinsa ba za ta sake tashi ba.

Ranar da fayil ɗaya ya tsayar da jirage

Domin kada wani ya ɗauka wannan matsala ta tsofaffin kwamfutocinmu ce kawai, ga abin da ya faru ranar Juma'a 19 ga Yuli, 2024. Wani kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike yana da manhajar da manyan kamfanoni suke ɗorawa don kare kansu daga 'yan kutse. Da asubahin wannan rana, da misalin ƙarfe 5:09 agogon Najeriya, kamfanin ya tura wani ɗan ƙaramin fayil na sabuntawa zuwa kwamfutocin abokan cinikinsa. Fayil ɗin yana da matsala. Kamar yadda kamfanin ya bayyana daga baya, an tsara a duba bayanai guda 21, amma guda 20 aka tanadar. Da manhajar ta miƙa hannu ta ɗauko na 21, sai ta faɗa inda bai kamata ba. Da yake tana aiki ne a can cikin zuciyar Windows, sai Windows ɗin gaba ɗaya ta faɗi, ta nuna shuɗin allo. A sake kunnawa, ta sake karanta fayil ɗin, ta sake faɗuwa.

Kamfanin ya janye fayil ɗin bayan minti 78, amma aikin gama ya gama. Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa. Bankuna da asibitoci da filayen jirgin sama a ƙasashe da yawa suka tsaya cik. Tashar talabijin ta Sky News a Ingila ta ɗauke na wani lokaci. Kamfanin jirage na Delta a Amurka ya soke tashin jirage kusan 7,000 a cikin kwana biyar.

Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne maganin. Ba a ce wa mutane su yi formatin ba. An ce su tayar da kwamfutar a Safe Mode, su shiga folda C:\Windows\System32\drivers\CrowdStrike, su nemo fayil ɗin da sunansa ya fara da C-00000291, su goge shi, su sake kunnawa. Shi ke nan. Wahalar kawai ita ce sai da injiniyoyi suka riƙa bin kwamfutoci da yawa ɗaya bayan ɗaya da hannu. Sun san wane fayil ne, shi ya sa suka taɓa shi shi kaɗai.

Karanta abin da ta rubuta

To mu ta yaya za mu san wane fayil ne? Kwamfuta takan faɗa da bakinta, mu ne ba ma karantawa. Da mutum ya ga baƙin allo da Turanci sai gabansa ya faɗi, ya yi maza ya danna OK ko ya kashe. Da ka ga saƙo, ka ari waya ka ɗauki hotonsa, ko ka kwafe shi a bayan littafinka harafi da harafi, har da lambobin. Sannan ka tambayi kanka: me aka yi wa kwamfutar nan kafin ta fara haka? An ɗauke wuta ne? An ɗora sabon wasa? An sa filash ɗin wani? Ta faɗi ƙasa? Amsar wannan tambaya rabin gyara ce.

Bari mu fara da saƙonnin da suke fitowa tun kafin a ga tambarin Windows. A Windows 7 akan ga "BOOTMGR is missing", a tsohuwar Windows XP kuma "NTLDR is missing". Wasu kwamfutocin suna rubuta "Operating System not found". Laftop ɗin HP, waɗanda suka cika gari, suna rubuta "Boot Device Not Found" da lamba 3F0 a ƙasa. Duk abu ɗaya suke cewa: na nemi mai makullai ban gan shi ba.

Kafin komai, ka duba jikin kwamfutar. Akwai filash a maƙale? Akwai faifai a ciki? Cire su duka ka sake kunnawa. Sau da yawa kwamfutar tana neman Windows ne a cikin filash ɗin da wani ya manta, ba ta samu ba, sai ta yi ƙorafi. Na taɓa ganin haka a wani shagon buga takardu a layinmu. Mai shagon har ya naɗe waya zai kai ta gyara, sai wani ɗalibin jami'a da yake jiran a buga masa takarda ya ce, "Alhaji, don Allah a ɗan dakata, wancan filash ɗin na baya na waye?" Aka zare, aka kunna, ta tashi kamar ba ita ba.

Idan babu filash, a shiga BIOS a duba ko tana ganin had-dis ɗin, kuma ko shi ne na farko a jerin abubuwan da take tashi da su. A HP ana danna F10 da zarar an kunna, a Dell kuma F2. Idan ka ga kwanan wata a wurin ya koma shekarun baya, to ɗan ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da yake kan allon injin, CR2032, shi ne ya mutu, kuma mutuwarsa tana iya hargitsa jerin. Ba shi da tsada. Idan kuwa BIOS ba ta ganin had-dis kwata-kwata, matsalar ba ta fayil ba ce. Ko dai ya goce daga mazauninsa, ko ya mutu. Formatin ba zai yi maganin wannan ba, domin babu ma abin da za a yi wa formatin ɗin.

A Windows 10 da 11 an fi ganin shuɗin allo mai cewa kwamfutar tana bukatar gyara, da lamba kamar 0xc000000f ko 0xc0000225. Waɗannan yawanci suna nuna cewa rajistar nan ta BCD ta lalace ko wani fayil na tashi ya ɓata. A nan ne ake amfani da ɗakin gyaran da Windows ta zo da shi. Idan ta kasa tashi sau biyu a jere, a karo na uku takan rubuta "Preparing Automatic Repair" da kanta. Daga nan a zaɓi Advanced options, sai Troubleshoot, sai kuma Advanced options. Idan ɗakin gyaran ma ya ƙi buɗewa, ana shigarsa ta filash ɗin da aka ɗora wa Windows. Ana haɗa irin wannan filash da wata manhajar Microsoft ta kyauta mai suna Media Creation Tool, kuma yana bukatar filash mai aƙalla gig 8. Sai dai a kula sosai: idan ya buɗe, kada a danna Install now. A ƙasa daga hagu akwai ɗan rubutu "Repair your computer", shi ake dannawa. Tsakanin waɗannan biyun ne mutane da yawa suke rasa kayansu.

A cikin ɗakin gyaran, a fara da Startup Repair. Shi zai duba fayilolin tashi ya gyara abin da zai iya, ba ya taɓa takardunka. Idan bai yi ba, sai System Restore, wanda yake mayar da Windows yadda take a wata rana da ta wuce lokacin tana lafiya. Shi ma ba ya goge takardu da hotuna, sai dai manhajojin da aka ɗora bayan wannan ranar za su fita. Matsalarsa ɗaya: sai idan an kunna shi tun da farko yake ajiye waɗannan ranaku. Don haka duk mai kwamfuta mai lafiya a gida ya rubuta "Create a restore point" a wurin bincike, ya duba ko a kunne yake. Idan kuma matsalar ta fara ne bayan sabuntawa, akwai Uninstall Updates a wurin. Akwai wani umarni, bootrec /rebuildbcd, da yake sake gina rajistar BCD, amma wannan a bar wa malami ko wanda ya saba.

Safe Mode da na ambata ɗazu shi ma a nan yake, a ƙarƙashin Startup Settings: a danna Restart, sannan a danna 4. A Windows 7 kuwa F8 ake ta dannawa yayin tashi. A Safe Mode Windows tana tashi da fayilolin da suka zama dole kaɗai, ta bar sauran. Idan kwamfuta ta tashi a haka, labari ne mai daɗi, domin ya nuna tushen yana nan, wani direba ne ko wata manhaja da aka ƙara take kawo rikici. Kuma dama ce ta kwashe muhimman takardu zuwa filash nan take, kafin a ci gaba da komai.

Turmin maƙwabta

Yanzu sai matsalar da ta fi damun 'yan ajinmu. Windows ta tashi lafiya, amma ka danna wasa ko wata manhaja, sai ɗan akwati ya fito yana cewa ba za ta buɗe ba saboda MSVCP140.dll ko VCRUNTIME140.dll ko d3dx9_43.dll ya ɓata.

Fayil mai ƙarewa da dll kamar turmi ne guda ɗaya da gidaje da yawa a layi suke ara. Ba kowane gida yake sayen nasa ba. Manhajoji da yawa suna bukatar aiki iri ɗaya, sai aka ajiye wannan aikin a fayil ɗaya kowa yana ara. Idan babu turmin, duk mai son daka ya tsaya. MSVCP140.dll da VCRUNTIME140.dll suna cikin wani ƙunshi na Microsoft mai suna Visual C++ Redistributable. Shi kuwa d3dx9_43.dll na DirectX ne, wanda tsofaffin wasanni suke bukata. Maganin shi ne a sauko da ƙunshin gaba ɗaya daga shafin Microsoft a ɗora. Na Visual C++ iri biyu ne aka fi bukata, x86 da x64, kuma a kwamfuta mai 64-bit gara a ɗora duka biyun, domin wasu manhajojin na farkon suke nema.

Abin da ba na so ɗan uwana ɗalibi ya yi shi ne ya rubuta sunan dll ɗin a Google, ya shiga shafin farko da ya gani, ya sauko da fayil ɗin shi kaɗai ya jefa a System32. Ba ka san wanda ya ajiye shi a wurin ba, ba ka san abin da ya cusa a ciki ba, kuma mai yiwuwa ba irin na Windows ɗinka ba ne. Kamar ka tsinci ƙwayar magani a ƙasa a bakin kasuwa ka haɗiye don kalarta ta yi kama da wadda likita ya rubuta maka. Wani abu kuma: idan wasan na sata ne da aka kwafo a filash, sau da yawa manhajar tsaro ce ta kama wani fayil nasa ta killace. Masu kwafar sukan ce a kashe manhajar tsaron kafin a ɗora. Ni dai a ganina wasa ɗaya bai kai a buɗe wa ɓarawo ƙofa ba, musamman a kwamfutar da Yaya yake shiga banki da ita.

Idan kuwa fayilolin Windows ɗin kanta ake zargi, misali tana yawan maƙalewa, ko Settings ya ƙi buɗewa, ko shuɗin allo yana zuwa yana tafiya, akwai mai bincike a cikinta. A rubuta cmd a wurin bincike, a danna dama a kan Command Prompt, a zaɓi Run as administrator. Baƙin akwati zai buɗe. A rubuta:

sfc /scannow

Akwai tazara ɗaya tsakanin sfc da sandar. Sai a danna Enter a jira ya kai 100. Abin da yake yi shi ne yana bin fayilolin Windows masu kariya ɗaya bayan ɗaya, yana gwada su da kwafi mai kyau da Windows ta ɓoye, duk wanda ya ga ya canza ko ya ɓata sai ya mayar da mai kyau. A ƙarshe zai ce bai ga matsala ba, ko ya gani ya gyara, ko ya gani amma ya kasa gyara wasu. Na ukun yana faruwa ne idan kwafin da aka ɓoye shi ma ya lalace. Sai a rubuta wannan:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth

Shi wannan yana gyara ma'ajiyar kwafin ne, kuma yakan ɗebo masu kyau daga intanet, don haka sai da data. Yakan yi kamar ya tsaya a wata lamba na tsawon lokaci. Bai tsaya ba, a ƙyale shi. Idan ya gama a sake yin sfc /scannow. Wannan umarni na DISM daga Windows 8 zuwa sama yake aiki, babu shi a Windows 7, wadda Microsoft ya daina kula da ita tun 14 ga Janairu, 2020.

Shi had-dis ɗin kansa ana duba shi da chkdsk C: /f /r. Harafin f yana gyara tsarin ajiyar fayiloli, r kuma yana neman wuraren da suka mutu a jikin faifan. Zai tambaya ko a yi aikin a tashi na gaba, a danna Y. Yana iya cin awoyi, don haka ba a fara shi sai da tabbacin wuta. Amma idan kana jin had-dis yana ƙara ƙas-ƙas-ƙas kamar agogon bango, kada a yi masa chkdsk ko kaɗan. Yana gab da mutuwa ne, kuma wahalar binciken tana iya ƙarasa shi. A kashe, a nemi wanda zai kwashe kayan ciki tukuna.

Sai filash. Wannan kam kusan kowa ya taɓa gani: ka kai filash shago a buga maka aiki, ka dawo ka ga duk foldodinka sun koma shotkot masu 'yar kibiya, ko ma ka ga wayam, alhali kwamfuta tana nuna filash ɗin a cike yake. Fayilolinka ba su tafi ba, bairos ne ya ɓoye su ya ajiye na bogi a madadinsu. Kada ka danna shotkot ɗin, domin dannawar ce take sa bairos ɗin ya shiga kwamfutar. A fara bincike filash ɗin da manhajar tsaro. Sannan a duba harafin da kwamfuta ta ba shi, a ce E ne, a buɗe baƙin akwatin nan a rubuta:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Wannan yana cire alamar ɓoyewa daga duk abin da yake cikin filash ɗin. Za ka ga foldodinka sun dawo, wani lokacin a cikin wata folda marar suna. Ka kwashe su, ka goge shotkot ɗin. Bayan ka kwashe ne za ka iya yi wa filash ɗin formatin hankali kwance.

Idan dole sai an kai gyara

Akwai lokacin da duk waɗannan ba za su yi ba, kuma a gaskiya akwai lokacin da sake ɗora Windows shi ne daidai. Masu gyara a Farm Centre da sauran wurare da yawansu sun san aikinsu ƙwarai, amma layi yana da tsawo, kuma formatin ya fi sauri. Idan ba ka yi magana ba, za a ɗauka babu abin da kake bukata a ciki. Don haka idan an aike ka da kwamfuta, ko ka raka Baba, ka nuna hoton saƙon da ka ɗauka, ka faɗi abin da ya faru kafin ta lalace, sannan ka ce cikin ladabi, "Malam, don Allah akwai muhimman takardu a ciki, a fara kwashe su kafin a taɓa komai." Ko da Windows ba ta tashi ana iya kwashewa. Ana cire had-dis ɗin a sa shi a wani ɗan akwati mai wayar USB a haɗa da wata kwamfuta, ko a tayar da injin da filash mai ɗauke da Ubuntu a kwafe. Ka tsaya ka ga foldodin da idonka, musamman Desktop da Documents da Downloads da Pictures, domin a nan mutane suka fi zuba kaya.

Sababbin laftop wasu suna zuwa da makulli mai suna BitLocker a kan had-dis. Idan a kunne yake, ba mai iya karanta kayan ciki sai da wata lamba mai alƙaluma 48, wadda yawanci take ajiye a asusun Microsoft na mai kwamfutar. Wannan lamba ta wahalar da injiniyoyi sosai a rikicin 2024 da na ba da labari. Duk wanda yake da irin wannan laftop a gida ya nemo lambar tun tana lafiya, ya rubuta a takarda ya adana.

Ko sake ɗora Windows ɗin ma hawa-hawa ne. A Windows 10 da 11 akwai Reset this PC, kuma a ciki akwai zaɓin Keep my files, wanda yake sabunta Windows ya cire manhajoji amma ya bar takardu. Haka nan idan aka ɗora Windows a kan tsohuwa ba tare da an danna Format ba, tsofaffin kayan suna komawa wata folda mai suna Windows.old a cikin C. A shiga Users a cikinta a kwashe da wuri, domin Windows takan share wannan folda bayan wasu kwanaki.

Kwamfutocin ɗakin kwamfuta na makaranta ba namu ba ne, kuma umarnin da na rubuta a sama suna bukatar izinin mai kula da na'ura. Wanda ya ga saƙon matsala a can ya kwafe shi a takarda, ya rubuta lambar kwamfutar, ya kai wa Malam. Wanda kuma yake son ya gwada sfc /scannow da hannunsa, ya roƙi Malam a yi tare a lokacin darasi, ga wuta, ga mai duba abin da ake rubutawa.